Hoton da Ya Fito a Kwamfuta

"Yaya Balaraba, ki zagayo, shina kiranki."

Maimunatu ce ta leƙo ta kan katangar da ta raba gidajenmu a Kaura. Na bar dawa a turmi na zagaya. Mijinta Rilwanu yana kwance a tabarma, kunun safe na gefensa har ya yi fata. Wallahi da ƙyar na gane shi.

Kwaleji ɗaya muke aiki: ni shara, shi kula da ɗakin kwamfuta. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ba ta yi nisa ba aka jawo mana intanet ta wayar tarho. Shi ke buɗe wa malamai imel, shi ke bin su yana roƙo kada su riƙa buɗe kowane saƙon da ba su san mai shi ba. Wa ya saurare shi? Kowa danna abinsa yake yi.

Ranar da abin ya faru ina bakin ƙofa da tsintsiya. Shugaban sashe, Dakta Muhtari, ya kawo malaman gari su ga sabuwar na'ura. Yana cikin kuri, sai ga hoton mace tsirara ya cika gilashin. Rilwanu ya yi tsalle ya fizge waya, amma ina! Idanu sun riga sun gani.

"Wa ke kula da ita?" in ji Liman, yana kare fuska da rawani.

"Rilwanu," in ji Dakta.

Shi ke nan. Rilwanu ya yi ta rantsuwa cutar kwamfuta ce ke shigowa ta saƙo, ta buɗe kanta da kanta. Su kuwa bidiyo suka sani: wanda ya sa kaset shi ya zaɓi fim. Aka dakatar da shi. Ba kotu, ba bulala, kuma ni dai na ce da bulalar suka yi masa da ta fi sauƙi, a yi a gama. A masallaci wanda kafaɗarsa ta taɓa tasa sai ya matsa. Matan unguwa suka janye 'ya'yansu daga gidansa. Zazzaɓi ya zo ya tarar da mutumin da ya riga ya daina cin abinci.

"Yaya," ya ce da ni, muryar kamar ta tsoho, "ki je wurin Dakta. Ba aikin nika so ba. Su bar ni in zo in wanke kwamfutar gaban jama'a, su ga inda abin ya hito. Kada ɗiyana su tashi da wanga suna."

Na je. Na durƙusa har ƙasa, ni da ban iya durƙusa wa kowa ba. Dakta bai ko ajiye jaridarsa ba.

"Ya zo ya goge shaida ke nan? Ki ce mishi Allah shi ba shi lafiya."

Da na dawo Rilwanu ya dubi fuskata. Ya juya ya fuskanci bango. Ranar Laraba bayan la'asar ya cika.

Liman ya sallace shi, ba zan yi masa ƙarya ba, amma sahun bai cika ƙofar gida ba. Mutumin da ya buɗe wa rabin kwalejin nan imel! 'Yan uwansa da suka zo daga Banga su suka ɗauki makara. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai huce ba.

Ba a yi sadakar bakwai ba ina share ofishin Dakta, ya kunna tasa kwamfutar, wadda Rilwanu bai taɓa ba tun da aka dakatar da shi. Sai ga ta, matar nan dai, ta cika gilashin. Murna ta kama ni. Na ce yau gaskiya ta fito, ga wanda aka ɗora wa laifin a kabari, ga hoto a ofis.

Dakta ya yi salati, ya fita ya kira mutane.

"Ku zo ku gani! Har cikin tawa ya zuba ƙazantar kafin ya mutu. Wanga yaro ashe ya yi nisa."

Suka yi ta girgiza kai. Na buɗe baki, wani ya ce, "Ke, mi kika sani? Yi shararki."

Da yamma na shiga wurin Maimunatu, tana zaune cikin takaba, ƙaramar 'yarsu na barci a cinyarta. Labari ya riga ni isowa, amma rabinsa.

"An ce ya sake fitowa, Yaya. To yanzu sun gane ba shi ba ne, ko?"

Na ɗauki tsintsiyarta na fara share tsakar gidan da ba datti.

Kwamfutar tana nan a ofis. Babu wanda ya iya cire abin, kuma an hana kashe ta sai kwamiti ya zo daga Gusau ya gani. Dakta ya lulluɓe ta da tsohuwar dardumar salla. Kullum da safe ina sharewa ta gefenta, haske na fitowa ta inda dardumar ta sha goshi ta siɗe.