Sirrin Zulma a Shafi na Takwas

Zulma ba ta san asirinta ya tonu ba sai da Doña Chela, mai gidan burodin unguwarsu, ta zagayo daga bayan kanta, hannu duk gari, ta dafa mata ciki a gaban mutum bakwai da ke layi.

"Allah ya raba lafiya, 'yar nan. Wannan karon zai zauna, ki ce ni na faɗa miki."

Safiyar Lahadi ce a garinsu Paysandú, da ɗan sanyi-sanyi, amma Zulma ta ji kamar an kwara mata tafasasshen ruwa. Cikin ko wata uku bai cika ba. Daga ita sai mijinta Heber sai likita suka sani, ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba. Sau biyu tana ɓari. Na biyun ne ya fi ci mata rai, don a lokacin duk layinsu an sani, har an fara kawo mata 'yan safa na saƙa. Da cikin ya zube, wata guda ta yi tana karɓar jaje, a shago, a tashar bas, a bakin ƙofarta, kowa na kallonta kamar fasasshiyar tukunya. Shi ya sa wannan karon ta sa Heber ya rantse da kabarin ubansa cewa bakinsa ƙanin ƙafarsa har a shiga wata na shida.

"Wa ya faɗa miki?" Zulma ta tambaya.

"Mijinki mana. A shafi na takwas."

Doña Chela ta jawo 'yar jaridar unguwa da ake ajiyewa kyauta a shaguna duk Lahadi. Heber kwandastan bas ne, amma abin da ya mallaki zuciyarsa shi ne haɗa kacici-kacicin kalmomi da ke fitowa a shafinta na ƙarshe, gidaje farare da baƙaƙe kamar na dara, mutum ya yi ta cikewa da haruffa, wasu kalmomin a kwance, wasu a tsaye. Ba biyansa ake ba. So ne kawai.

Tsohuwar ta ɗora tabarau, ta bi da yatsa. "Huɗu a kwance, ungozoma. Tara a tsaye, gadon jariri. Sha biyu, tashin zuciya. Sha bakwai, waƙar rarrashi. Shekara shida ina cike na mutumin nan, 'yar nan. Lokacin da rufinku ke yoyo, kwano da bokiti da kafinta muka yi ta rubutawa. Da ƙungiyar ƙwallonsa ta sha kashi, sati uku muna makoki a gidajen nan. Duk abin da ke cikinsa, a nan yake amayar da shi."

Wani dattijo a layi ya ce, "Ni tun da na cike kalmar kwaɗayi na fara zargi."

Aka yi dariya. Zulma ta fizge jaridar ta fice, ko burodin ba ta ɗauka ba.

Ta sami Heber a bayan gida yana hura wutar gashin naman Lahadi, fulas a hammata, ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake zagayawa da shi ana sha, a hannu, fensir a bayan kunne kamar kullum. Da ya gan ta sai ya tsiyaya ruwan zafi a kan ganyen, ya miƙo mata ƙoƙon yana murmushi.

"Ina burodin, sarauniya?"

"Na gode," ta ce, ba ta ko kalli ƙoƙon ba. A wajensu, wanda ya ce ya gode ya fita daga zagayen shan ke nan. Murmushin Heber ya gushe.

Ta maka masa jaridar a ƙirji. "Da kabarin ubanka ka rantse, Heber."

"Me na yi?"

"Doña Chela ta shafa mini ciki a gaban jama'a."

"Na rantse ban faɗa wa kowa ba. Ko direbana bai sani ba, kin kuwa san yini muke tare."

"Karanta."

"Ni fa na haɗa shi, na san abin da ke ciki."

"Na ce ka karanta. Da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji, tunda dama su ka rubuta wa."

Ya buɗe yana ɗaure fuska irin ta wanda aka yi wa ƙazafi. "Gadon jariri. To, wannan wata mata ce ta shigo bas da shi ranar Talata, ya tokare ƙofa, na rubuta a bayan tikiti. Kin san yadda nake yi. Doguwar kalma ɗaya nake fara kafawa a tsakiya, sauran kuma duk wadda ta shiga gurbi ita ke nan. Ba ni ke zaɓa ba, gidajen ne ke zaɓa."

"Gidajen ne suka zaɓi ungozoma?"

"Harafinta na uku ne ya dace da..."

"Ƙamus ɗinka da ya fi bulo nauyi, wanda na share shekaru ina goge masa ƙura, duk cikinsa babu mai irin harafin sai ungozoma? Tashin zuciya fa? Kwaɗayi fa? Zanin goyo fa? Su ma bas suka shigo?"

Heber ya sake duban shafin. Idonsa ya yi ta sauka daga layi zuwa layi, leɓɓansa na motsi, kuma Zulma ta ga lokacin da abin ya shige shi. Ya zauna a kan buhun gawayi. Da gaske bai lura ba, kuma wannan ne ya ƙara tunzura ta. Da ma da gangan ya yi, da ta san inda za ta kama shi.

"Kwafi nawa suke bugawa?"

"Ɗari huɗu," ya ce a hankali.

"Ɗari huɗu. Har unguwar su Mama ake kaiwa, kuma ka san ba ta shan mate ɗin safe sai da naka a gabanta. Uwata za ta ji labarin jikanta a tara a tsaye. Ciki fa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Heber."

"Zulma..."

"Kada ka kira sunana. Wancan karon kana ina? Kana cikin bas kana yanka tikiti. Ni ce na tsaya a bakin ƙofar can ina cewa babu, ya zube, na gode, haka Allah ya so. Ni na mayar wa mutane safarsu ɗaya bayan ɗaya. Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya."

Hawaye suka zo mata, ta ƙi ba su hanya. Wutar ta ci itacen ta fara zama garwashi, babu wanda ya kula ta.

Can ya ce, kansa a ƙasa, "Ko a ɗaki ba kya bari in ambaci cikin. In na fara, ki ce in yi shiru kada in jawo mana wani ɓarin. Sati takwas ke nan. In ina bas shi nake tunani, in na kwanta shi. Tsoro nake ji ni ma. Ban san inda zan kai shi ba."

"Sai ka kai shi jarida."

"Sai na kai shi jarida," ya amsa.

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa da ta fara sanƙo. Tana sonsa, kuma a wannan minti da za a ba ta muciya da ta rotsa masa kai. Ba ta yafe ba. Ta dai ga cewa shirun da ta kafa a gidan bai kare kowa daga komai ba, ya dai sa kowannensu yana jin tsoronsa shi kaɗai.

Aka buga ƙofar waje, bugu uku a jere, irin na mahaifiyarta. Ta tsakanin ƙarafan ƙofar Zulma ta hango ta, jarida a naɗe a hannu, tsinken saƙa biyu sun leƙo daga jaka.

Heber ya miƙe. Zulma ta sa hannu ta zare fensirin daga bayan kunnensa, ta jefa a aljihun rigarta.

"Je ka buɗe mata. Ka faɗa mata da bakinka, ka kuma faɗa mata ni na hana a faɗa, don kada ta huce a kanka kaɗai." Ta dubi ƙofar. "In kuma ya zube, Heber, kai za ka bi gidajen unguwar nan ɗaya bayan ɗaya ka faɗa musu. Ni ba zan sake tsayawa a ƙofar can ba."

"Ni zan bi," ya ce.

Ya nufi ƙofa yana goge gawayin hannunsa a wando. Zulma ta ɗauki ƙoƙon mate ɗin da ya bari a kan bulo. Ruwan ya riga ya huce. Ta zubar da ruwan, ta jawo fulas ta tsiyaya sabo, ta tsaya riƙe da shi tana sauraron yadda mijinta ke in'ina a bakin ƙofa.