Ranar da Boyd Ya Ƙi Faɗuwa

Ni ce mutum ta huɗu da ta zauna a kujerar gangunan ƙungiyar kiɗa ta Ƙasan Tafki, kuma ni kaɗai ce ba a kora ba. Na fara da wannan ne saboda yanzu akwai masu ba da tarihin ƙungiyarmu kamar Lyle Hutchins ne ya yi komai, alhali abin da Lyle ya fi iyawa shi ne kafa doka da tsinka tsirkiyar jita.

A Bakersfield aka kafa ƙungiyar, shekarar 1981, a bayan wani masaukin matafiya da aka rufe. Masaukin yana da tafkin iyo mai siffar ƙoda, wanda ya bushe tun shekarun fari, kuma babu ɗan sulu a garin, wato mai gudu a kan katako mai ƙananan tayoyi, da bai bar fatar gwiwarsa a cikinsa ba. Wata rana Lyle da abokinsa Curtis Pruitt suka ajiye katakon sulunsu, suka kawo jita da makirfo, suka jawo wuta daga shagon facin taya na maƙwabta, suka fara kiɗan pank a bakin tafkin, irin mai tsananin nan da ake yi da gudu da ihu. Sun iya fara waƙa. Ƙare ta ne ya gagare su, kowa sai ya tsaya lokacin da ya ga dama. Ana cikin wannan gardama Lyle ya leƙa tafkin ya ga Boyd Tackett.

Boyd dogo ne kamar tsanin da aka jingina, kuma a duk kwarin nan babu wanda ya kai shi rashin iya sulu. Kullum sai ya zo. Zai ɗora katakonsa a leɓen tafkin, ya gangara, ya zaga sau biyu ko uku, kafin daƙiƙa arba'in sai ka ji tim.

"Ga ƙarshen waƙarmu can a kwance," in ji Lyle.

Daga ranar Boyd ya zama cikakken ɗan ƙungiya. A bayan kaset ɗinmu an rubuta: Lyle, jita. Curtis, murya. Boyd, faɗuwa. Lyle ya sa baƙin fenti ya rubuta dokoki uku a bangon wuri mai zurfi. Waƙa tana farawa idan Boyd ya gangara, tana ƙarewa idan ya faɗi. Ba a taɓa Boyd, ba a taɓa katakonsa. Mai ganga da ya tsaya kafin Boyd ya faɗi, ya kwashe kayansa ya tafi gida.

Dokar ta uku ta ci maza uku. Na farko atishawa ya yi. Na biyu sandarsa ta suɓuce ya sunkuya ɗauka. Na uku ya ga Boyd ya karkace ya zaci an gama, ashe Boyd ƙafa yake sosawa.

Na zo a 1983, ina shekara ta biyu a jami'a ina karatun sinadarai. Ganga kuwa a ƙungiyar faretin makarantar sakandare na koya, inda ake kiɗa mil huɗu a cikin rana da hula mai gashin tsuntsu.

"Ke 'yar boko," Lyle ya ce da ni ranar farko, "nan fa ba ɗakin gwaji ba ne."

"Na gani," na ce. "A can ana wanke hannu."

Ya ɗauke ni saboda babu wani a lokacin. Bayan wata biyu ɗan baffansa Dewey ya dawo daga aikin rijiyoyin mai, ƙato mai shekara ashirin da bakwai, ya ce shi ma makaɗi ne. Lyle ya so ya ba shi kujerar, amma dokarsa ta ɗaure shi, tunda ban tsaya ba babu hanyar korata. Sai Dewey ya ɗauki zaman jira. Duk ranar gwaji yana kan bonet ɗin motarsa da sanduna biyu a aljihun baya.

"Farfesa, hannu bai gaji ba?" zai tambaya.

"Ka ci gaba da ɗumama motar, Dewey. Aikin ya dace da kai."

Shekara ɗaya da rabi ban tsaya ba ko sau ɗaya. Idona a kan Boyd yake, har na san yadda kafaɗarsa ta hagu take sauka kafin ya tafi ƙasa. Muka fitar da kaset mai waƙa ashirin da biyu cikin minti goma sha huɗu. 'Yan kiɗan pank na garuruwan bakin teku, waɗanda ba sa ganin kowa da gashi, suka ce ba a taɓa jin waƙoƙi masu ƙarewa da gaskiya irin namu ba. A watan Agustan 1984 suka ce za su zo da kansu su gani.

Saura kwana uku su zo, mahaifiyar Boyd ta kai shi wurin likitan ido, saboda ya gaishe da akwatin wasiƙa yana zaton maƙwabcinsu ne. Ranar Asabar ya iso da tabarau mai kauri, ya ɗaure shi a ƙeya da igiyar takalmi. Ya tsaya a bakin tafkin ya daɗe yana kallo.

"Ashe akwai matakala a can gefen," ya ce.

Muka yi dariya. Ni da nake karatun kimiyya ma ban yi tunanin komai ba, kuma har yau wannan ne kaɗai abin da nake jin kunyarsa a labarin.

Ƙarfe biyu na rana muka fara, zafi kamar a bakin tanda. Mutum kusan ɗari biyu sun kewaye tafkin, wasu daga Oxnard, wasu daga Venice, duk garuruwan bakin teku, kowa da katakonsa a hammata. Waƙar farko sunanta "Ba Zan Aske Ba". Layi huɗu ce, ba ta taɓa wuce daƙiƙa talatin da biyar ba. Na buga sanduna sau huɗu, Boyd ya gangara.

Ya zaga sau uku. Na jira kafaɗar hagu. Ya zaga na huɗu, ya kauce wa matakalar a hankali kamar mai wuce suruki, ya hau bango ya sauko.

Curtis ya gama layukansa huɗu ya sake su. Ya sake su sau shida. Daga nan ya waiwaya ya ga tsohon allon sanarwar masaukin, ya fara karanta shi da ihu: ba a gudu a bakin ruwa, ba a shiga da kwalba, yara su zo da babba. Mutanen Oxnard suka ɗauka sabuwar waƙa ce, suna ture juna suna amsawa. Da allon ya ƙare ya koma kan farashin taya da ke jikin shagon maƙwabta, sannan sunayen 'yan ajinsu na firamare. A minti na goma sha ɗaya muryarsa ta mutu. Ya ci gaba da buɗe baki yana rufewa kamar kifi, daga baya ya zauna.

Tsirkiyoyin Lyle suka riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Da ta ƙarshe ta tafi, ya cire jitar ya jingine. Babu dokar da ta hana mai jita tsayawa. Shi ya rubuta dokokin, ya san inda ya bar wa kansa ƙofa.

Saura ni, da ƙarar tayoyin Boyd.

Wanda bai taɓa kiɗa irin namu ba ba zai gane ba. Gudun da muke yi an yi shi ne don rabin minti, kamar mai tsere wa kare. A minti na ashirin ƙafata ta dama ta daina zama tawa, tana taka fedar ganga ita kaɗai. Bororon da ke tafin hannuna ya fashe, sandar ta fara santsi. Na soma karanta jadawalin sinadarai a zuci don kada in rasa lissafin bugu, daga na farko har na ƙarshe, in koma.

Dewey ya sauko daga mota. Ya zo ya tsaya a bayana, har ina jin warin tabarsa.

Lyle ya sunkuyo kusa da kunnena. "Delfina, tsaya haka. Na yafe miki."

"Ka yafe mini me?"

"Dokar. Yau ba ta aiki."

"Gobe kuma ku ce an tausaya wa mace."

"Ba wanda zai ce."

"Ni zan ce," in ji Dewey.

"Ka ji ɗan'uwanka," na ce. "Matsa, kana tare mini Boyd."

Lyle ya je bakin tafkin ya durƙusa. Duk lokacin da Boyd ya hauro ta gefensa sai su yi musayar kalma biyu, ya sake gangarawa.

"Boyd, faɗi mana."

"Da gangan?"

"Eh."

"A gaban 'yan Venice?"

Ba laifinsa ba ne. A wurinmu ka karye a wuri uku abin alfahari ne, amma ɗan sulun da ya faɗi da ƙarya ya gama yawo, ko kare ba zai ara masa katako ba. Boyd shekara uku yana faɗuwa tsakani da Allah, ba zai ɓata sunansa a rana ɗaya ba. Sai ya yanke shawarar taimaka mini ta hanyar da ta halatta: ya riƙa gwada abubuwan da suka fi ƙarfinsa. Ya tashi sama da leɓen tafkin, ya kama katakon da hannu ɗaya, ya juya. Ya sauka daram.

"Yi haƙuri, Delfina," ya ce yana wucewa.

Ya dafa leɓen da hannu ya ɗaga ƙafafu sama, abin da a lokacin mutum biyu ko uku ne suka iya a duk jihar. Ya sauka. Taron ya yi nishi gaba ɗaya. Ya gwada wani abin da ba shi da suna ma, ya sauka, yana kuka a bayan tabarau. Ba a taɓa yin sulu mai kyau irin na ranar a garinmu ba, kuma ba wanda ya tafa. Wani ɗan Oxnard ya cire takalmi zai jefe shi, mutum biyar suka danne shi suna nuna masa doka ta biyu a bango.

Fatar ƙaramar gangata ta yage a minti na arba'in da wani abu, na koma kan babbar ta gefe. Curtis, da ba shi da murya, ya samo tiyo yana zuba mini ruwa a baki da ka. Mai shagon taya ya zo a fusace ya zare wayar wutarsa, ya tsaya yana jiran shiru. Da ya ga ganga ba ta cin wuta, ya nemi bokiti ya kife ya zauna.

"Wa take jira?" ya tambaya.

Aka nuna masa Boyd.

"Wancan? Ai shi ne mai faɗuwar nan."

"Da," aka ce masa.

Na daina jin hannuwana. Ina ganinsu suna tashi suna sauka, jini ya yi wa gangar zane. Jadawalin ya rikice mini, sai na koma lissafa mutanen da suka ce mini in bar ganga: malamin faretinmu, yayana Ernesto, saurayina na farko, likitan haƙori. Kowane suna bugu huɗu. Sunayen sun ishe ni.

A minti na saba'in da uku Boyd ya hauro wuri marar zurfi, katakon ya tsaya da kansa don ƙarfin turawa ya ƙare. Ya sauka ya tsaya da ƙafafunsa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya tafi ƙasa da mazaunai, jaɓ.

"Ya faɗi," wani ya ce.

"Zama ya yi," in ji Dewey.

Na ci gaba da kiɗa.

Mutum ɗari biyu suka sauka cikin tafkin suka kewaye Boyd. 'Yan Venice suka ce faɗuwa sai da katako a ƙarƙashin ƙafa. 'Yan Oxnard suka ce a garinsu duk wanda mazaunansa suka riga hannunsa taɓa siminti ya faɗi. Wata mai koren gashi ta ce a tambayi mai abin.

"Boyd, ka yi niyyar zama?"

"Ban sani ba," ya ce. "Ina tsaye, sai na ga ina nan."

Aka ce a duba wando. Ba a taɓa shi, don haka sai da aka jira ya mirgina da kansa. Wandon ya yage, akwai ɗan ƙurjewa, amma Dewey ya rantse tsohon ciwo ne na ranar Talata. Mai shagon taya ya sauko ya duba da idon sana'a ya ce sabo ne. Duk wannan ya ci minti tara, kuma ina jin kowane ɗaya a kafaɗata.

A ƙarshe duk suka juya ga Lyle. Ya dubi Dewey, ya dubi bangon da ya yi wa fenti, sannan ya ɗago ya dube ni. Ban roƙe shi da ido ba. Na ƙara wa bugun sauri ma, don ya san ina da saura.

"Faɗuwa ce," ya ce.

"Ban ji ba," na ce.

"Faɗuwa ce, Delfina. Boyd ya faɗi. Ba ki tsaya ba."

Sannan na tsaya.

Ba mu yi waƙa ta biyu ba. Curtis da mai koren gashin nan ne suka ɗaga ni daga kujera, ƙafata ta dama tana ta taka iska. Sandar hagu ta fita da sauƙi. Ta dama kuwa yatsuna sun ƙulle a kanta, aka ja, aka zuba man girki, ta ƙi. Mahaifiyata ta jiƙa hannun a ruwan ɗumi da gishiri, tana yi mini faɗa da Sifaniyanci, ta ba ni abinci a baki kamar jaririya.

Ranar Litinin ina da jarrabawa. Na shiga aji da sandar a hannu. Mai sa ido ya ce ba a shiga da kayan waje, na miƙa masa hannun na ce ya karɓa. Ya gwada sau biyu, ya ce in zauna. Na ɗaure fensir a bakin sandar da salatif na rubuta shafi shida, haruffan manya kamar na allon talla. Na ci.

Yatsun sun buɗe ranar Laraba da safe ina goge haƙora. Da yamma na je gwaji. Dewey yana kan bonet kamar kullum, amma aljihunsa na baya babu komai, kuma da na wuce sai ya sauke ƙafarsa ya ba ni hanya. Lyle yana ɗaura sabbin tsirkiyoyi, bai ɗago ba.

"Za ki iya yau?"

"Waƙa nawa?"

Ya dubi Boyd, wanda ke goge tabarau da gefen riga a bakin tafkin.

"Ɗaya, ina ji," ya ce.

Na naɗe hannuwana da bandeji na zauna.