Zaren Baƙin Mayafi

Sau huɗu Nunziata tana kai bakin zaren ga zobe na farko, sau huɗu yana kuɓuce mata. Ta ajiye shi, ta danne hannun dama da na hagu a kan cinyarta, ta ce, "Kai, ka natsu mana!" Amma ina, hannun ya ci gaba da rawarsa.

Safiyar Ista ce a garin Pietracava, kuma tana ita kaɗai a ƙaramin ɗakin bayan coci tare da mutum-mutumin Uwa Maryamu. Ta riga ta sa mata koriyar riga, ta yafa mata baƙin mayafin makoki a kai. Abin da ya rage shi ne zura zare ɗaya cikin zobba bakwai da ke riƙe da mayafin ta baya. Da tsakar rana maza takwas za su ɗauki Uwar, su ruga da ita a guje har ƙarshen dandali inda mutum-mutumin Ɗanta ke tsaye, na baya ya fizge zaren, mayafin ya faɗi, kore ya bayyana. Idan ya faɗi, shekara ta yi albarka. Idan ya maƙale kuwa, tirƙashi! Har yau tsofaffi na zancen shekarar da ya maƙale, ƙanƙara ta kashe inabi, matar da ta ɗaura shi kuma ba ta ƙara fita sayen burodi da rana ba.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Nunziata na wannan aiki, kamar yadda uwarta da kakarta suka yi. Tun sanyin da ya wuce hannun ya fara mata wannan tsiya, ita kuwa ta ɓoye shi a aljihun riga, ta daina shan kofi a gaban mutane.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Goggo Nunziata, saura rabin awa fa!" Ottavio ne, shugaban masu ɗauka. "Ko in turo miki Gelsomina ta kama miki?"

"Ta kama min me? Ku je ku gyara igiyar takalmanku, bara saura ƙiris ka kife da Uwar tamu a gaban gwamna da matarsa."

"Haba Goggo, wancan ai Cosimo ne!"

"Duk ɗaya kuke. Tafi ka ba ni wuri."

Ta ji tafiyarsa. Shekara uku ke nan Ottavio na lallaɓa ta a kan ta koya wa 'yarsa Gelsomina, tunda ita Allah bai ba ta 'ya mace ba. Kullum amsarta ita ce baɗi. Gaskiyar magana, tsoro take ji. In aka karɓe wannan zaren, me ya rage mata a garin nan ban da kujerar ƙofar gida?

Ta sake gwadawa. Zaren ya taɓa zoben, ya goce. Hawaye ya cika mata ido don haushi.

Sai ƙofar baya, wadda ke fita lungu, ta buɗe. Wata mata ta leƙo, da hular rana da ƙaramar jaka a ciki, irin waɗanda manyan motocin yawon buɗe ido suka sauke tun safe.

"Yi haƙuri, Mama, banɗaki nake nema, aka ce... Wayyo, kyau!"

"Fita! Ba a shiga nan!"

Matar ta ja da baya, amma idonta ya riga ya sauka a kan hannun. Nunziata ta ga ta gani. Tun da aka kafa garin nan baƙo bai taɓa ganin Uwar kafin a fito da ita ba, balle ya taɓa ta. Ƙararrawa ta buga sau ɗaya a samansu.

"Tsaya. Daga ina kike?"

"Torino. Sunana Fiorenza."

"Yaushe motarku za ta tashi?"

"Ƙarfe uku."

"To rufe ƙofar nan, ki wanke hannu a kwanon can. Abin da kika gani kuma, ki tafi da shi Torino ki binne."

Hannun Fiorenza kamar an yi shi don aikin. Nunziata na faɗa tana yi: ta ƙasa, ba ta sama ba, goga kakin zuma, kada ki ja da ƙarfi. Kafin ka ce me, zobba shida sun shiga. Ana kan na bakwai Ottavio ya sake dukan ƙofa, wannan karon da tafin hannu. Nunziata ta ruga ta tokare ƙofar da kafaɗa tana ce masa ya jira, ai ba gobara ake ba. Da ta waiwayo, baƙuwar ta gama, ta tura bakin zaren cikin ninkin mayafi ta gyara shi tsaf. Nunziata ta tura ta waje ta lungu, ko godiya ba ta tsaya yi ba.

Dandali ya cika ya batse. Mutanen gari a gaba, baƙi a baya sun ɗaga wayoyi sama, wasu sun hau bakin rijiyar tsakiya, 'yan sanda biyu na fama da su. An shata hanyar gudun da igiya. A farkonta aka sauke Uwar a kan benci biyu, maza takwas cikin fararen riguna suka durƙusa kewaye da ita, Fada, limamin cocin, na addu'a. Nunziata ta tsaya inda ta saba, jikin bangon kantin magani, hannu a aljihu. Zuciyarta ta fara kwanciya.

Wani ya taɓa kafaɗarta. Fiorenza ce, fuska cike da murna.

"Mama, kada ki damu da komai. Na ga ƙarshen zaren a sake yake, zai iya zamewa, sai na ƙulle miki shi sau biyu. Ni nas ce, shekara ashirin ina ɗinke ciwo, ƙullina ba ya kwancewa."

Nunziata ta juyo da sauri.

"Kin yi me?"

"Na ƙulle..."

"Wayyo Allah, kin kashe ni! Zamewar ake so, 'yar nan! Zamewar ita ce aikin!"

Fada ya kai rabin addu'a. Nunziata na iya yin shiru. Mayafin zai maƙale, a ce tsautsayi ne, ko a ɗora wa Cosimo, mai fizgar zaren, cewa bai fizga da kyau ba, wa zai san gaskiya? Ta dubi Cosimo, ya naɗe zaren a hannu, leɓensa na motsi, matarsa na tsaye can da tsohon ciki. Ta dubi tsofaffin da suka haɗa hannu a ƙirji suna jira.

Ta kutsa cikin taron.

"Ku matsa! Ku ba ni hanya!"

Wani baƙo ya ce ta bi layi kamar kowa, ta ture shi da gwiwar hannu. Ta isa igiya, ta sunkuya ta wuce ta ƙasa. Dandali ya ɗauki gunaguni, don mace ba ta tsallake igiyar nan. Fada ya yi tuntuɓe a addu'arsa, ya ci gaba da sauri.

Ottavio ya miƙe, fuska ta yi ja. "Goggo, lafiya? Me kike yi a nan?"

"Akwai ƙulli."

"Ƙulli? Ke kika ƙulla?"

"Ɗaga ni, ɗan nan, ba lokacin tambaya ba ne."

Ya tallafe ta ta hau gefen katakon da ake ɗaukar Uwar a kai. Ta laluba cikin ninkin mayafin, ga shi kuwa, ƙulli biyu kamar ƙwayar barkono, an ja shi tamau. Ta zaro ɗan almakashinta daga aljihu. A nan, a gaban Ottavio da Cosimo da duk wanda Allah ya ba ido a Pietracava, hannun ya kama rawa har almakashin na ƙara. Ta kai shi ga zaren, ya nufi mayafin. Ta sake, ya kuɓuce ya faɗi ƙasa.

Fada ya ce amin, mai ganga ya ɗaga sanda.

Nunziata ta cusa fuskarta cikin baƙin yadin, ta kama zaren da haƙori daidai bayan ƙullin, ta gatsa. Ɗacin kaki ya cika mata baki. Ta sake gatsawa, zaren ya tsinke. Ta tofar da ƙullin a tafin hannu.

"Ku tafi!"

Ottavio ya sauke ta, maza suka sa kafaɗa, ganga ta tashi. Ta zauna daɓas a kan duwatsun hanya, ta sunkuyar da kai tana jin takun gudunsu yana nisa. Ta kasa ɗago ido. Ɗaya, biyu, uku, tana ƙirga takun kamar yadda ta saba, a na goma sha biyar Cosimo ke fizga. Sha uku. Sha huɗu.

Ihu ya tashi har sai da ta ji shi a ƙirjinta. Ƙararrawa ta kece, aka saki tattabaru, mata na kuka suna kiran sunan Uwar. Mayafin ya faɗi. Shekara arba'in da ɗaya, wannan ne karo na farko da ba ta gani da idonta ba, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Can Ottavio ya dawo, gumi sharkaf, ya tsuguna a gabanta. Bai tambayi wanda ya yi ƙullin ba. Hannun kawai ya kalla, ita kuma ba ta mayar da shi aljihu ba.

"Tun yaushe, Goggo?"

"Tun sanyi."

"Ba sai kin ce komai yau ba. Mutane za su manta, baɗi ma..."

"Daina min daɗin baki, na yi maka wanka kana jariri." Ta share baki da bayan hannu. "Turo min Gelsomina ranar Talata da safe. Ka ce ta yanke wannan dogon farcen nata kafin ta zo."