Akori-kurar Alhaji Munzali da Sabuwar Doya

Mutumin da ya fara ɗora wa tsohuwar mota inji da giya na jif mai jan ƙafa huɗu a unguwarmu ta Tudun Wada da ke Minna shi ne Alhaji Munzali mai doya, a daminar shekarar 2019. Mutanen unguwar Bosso suna cewa wani nasu ya riga shi, amma har yau ba su nuna motar ba.

Dalilin aikin kuwa shi ne wata tsohuwar al'ada. Tun zamanin mahaifinsa, gidan Yona, manomi a wani ƙauye kusa da Wushishi, ba ya sayar wa kowa doyar farko ta shekara sai gidan Alhaji, bisa sharaɗin cewa motar gidan ce za ta shiga har bakin gona ta ɗauka. A waccan shekarar ruwa ya mayar da hanyar gonar taɓo. Yona ya aiko cewa doya ta ƙosa, kuma wani ɗan kasuwa mai suna Charles yana zarya da sabuwar motarsa. Idan Alhaji bai iso ba kafin ranar kasuwa, al'adar iyaye ta ƙare.

Motar gidan akori-kura ce da Alhaji ya gada, tayoyin baya kaɗai ke janta. Ya kai ta garejin Ndaceko bakanike, inda aka sami wata jif da ta yi hatsari amma cikinta lafiya lau. Ndaceko ya sauke injin da giyar da aksul ɗin gaba, wato ƙarfen da ke juya tayoyi, ya yi ta yanka da walda har suka zauna. Da ya kai hannu ga aksul ɗin baya, Alhaji ya hana. Ya ce wannan ƙarfe shi ya ɗauki doyar mahaifinsa, kuma idan aka cire shi, Yona na iya cewa ba motar gidan ba ce.

Ndaceko ya yi bayanin cewa gaban zai riƙa gudu irin na jif, bayan kuma irin na da.

"Sai gaban ya jira," in ji Alhaji. "Ai na baya shi ne babba."

Suka daidaita a kan cewa ba za a ja ƙaramar sandar giyar da ke haɗa ƙafafun nan huɗu ba sai an shiga taɓo, inda santsi zai raba gardamar. Amma ranar tafiya, da Alhaji ya ga maƙwabta sun jeru a ƙofar gida, sai ya ja sandar nan a kan kwalta. Motar ta yi kuka, ta yi tsalle, ta sake yin kuka. Ndaceko, wanda ke zaune a gefensa, ya roƙe shi ya saki sandar. Alhaji ya ce ba a gaban jama'a ba. Haka suka fita daga unguwar yana ɗaga wa mutane hannu, kansa yana bugun rufi, sai da suka wuce masallaci na ƙarshe sannan ya amince.

A cikin taɓo kuwa motar ta yi abin da aka gina ta dominsa. Ta ratsa lakar da ta kai gwiwa, ta tsaya a bakin gonar Yona, alhali Charles yana can bakin titi yana jiran ƙasa ta bushe. Yona ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta.

"Alhaji, gaban nan ban san shi ba," ya ce. "Amma bayan, na babanka ne. Ku loda."

Aka loda. Sai dai laka ta cushe ƙaramar sandar, ta ƙi komawa. Ndaceko ya ba da shawarar a kwance ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, aikin ɗan lokaci kaɗan. Alhaji ya ce da ƙafa huɗu ya fito, da ƙafa huɗu zai koma. Daga nan har Minna motar ta yi ta tsalle da sabuwar doya a bayanta, ita kuwa sabuwar doya ba ta jure duka. Da aka sauke, wadda ba ta karye ba ta goge. Hajiya Sharifa, uwargidansa, ta duba tulin, ta aika a aro mata turame daga gidaje maƙwabta.

Ga abin da aka rasa: tayoyi biyu, salansar motar, da cinikin doyar farko baki ɗaya. Ga abin da aka samu: mota mai shiga gona a tsakiyar damina, da sakwarar da duk layinmu ya ci har ya gaji. Ga kuma abin da aka riƙe: aksul ɗin mahaifin Alhaji yana nan a wurinsa, kuma doyar farko ta gidan Yona, karyayya ko lafiyayya, a Tudun Wada ake sauke ta har bana.