Ranar da Inna Ta Je Ofishin Kifi

Inna ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Shi ne ɗan farinta, ita kuma mutuniyar Gaya ce ta bakin kogi, irin matan nan da kunyar ɗan fari ta bi musu jini. Sunansa Mahamane. A bakinta kuwa "wancan" ne, ranar da ta tashi da fara'a kuma "mutumin ruwa". Ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta tambayar lafiyarsa, in ya shigo ɗaki sai ta tuna akwai tukunya a wuta ko da ba a ɗora komai ba. Na ɗauka jirgin sama zai rage mata wannan hali. Ina! Da shi ta sauka wurina a Woodbridge, kusa da Washington, har da ƙari.

Yaya ya yi shekaru yana tuƙin tasi a Washington. Wata rana yana tsaye cikin cunkoson babbar hanya, ya ce shi ɗan masunci ne, ba a haife shi don ya ƙare rayuwa yana kallon bayan motar wani ba. Ya sayar da tasin, ya gangara kudu bakin teku can Karolina, ya sayi ƙaramin jirgin kamun kifi. Da Inna ta ji labari cewa ta yi, "Ruwa dai," ta ci gaba da tankaɗenta.

To a ƙasar nan kifi ma sai an yi masa bayani. Duk mai jirgi dole ya kai wa hukumar kifi rahoto kowane mako, me ya kama, ina ya kama, nauyinsa nawa. Ko bai fita ba sai ya kai rahoton cewa bai fita ba. Yaya kuwa shi da kwamfuta ba sa ga-maciji. Don haka aikin ya faɗo kaina, ni Safara'u autar gida, wadda komai ya rasa mai shi a kanta yake sauka. Duk Juma'a bayan la'asar zai kira, in ajiye wayar a tebur in buɗe murya saboda hannuwana suna kan kwamfuta, yana faɗa ina shigarwa.

Kuma duk Juma'a bayan la'asar Inna takan tuna tana da wake da za ta tsince. Ta jawo kujera ta zauna a tebur ɗin, ta ba wayar baya, faifai a cinya. Waken kantin nan ko tsakuwa ɗaya babu a cikinsa, ni da ita duk mun sani. Haka za ta yi ta juya shi har Yaya ya gama lissafin kifinsa ya ce, "Mutanen gida lafiya?"

"Lafiya lau," in ce.

"To a gaishe su."

Mutanen gidan nan mutum ɗaya ce, kuma in ta miƙa hannu za ta taɓa wayar. Bayan ya kashe sai ta ɗora wa wayar, ta ce, "Talhon nan mura yake yi. A ce a sha citta." Ko ta ce, "Yau talhon ya ci ya ƙoshi." Ni dai ba na tankawa, don na taɓa tankawa sau ɗaya na ji a jikina.

Sai ga guguwa. Ta taso daga teku ta doki garinsu Yaya, talabijin yana ta nuna rufin gidaje a kan titi da jirage a kwance cikin gonaki. Inna ta shimfiɗa dardumarta a gaban talabijin ɗin, wai nan ne alƙibla ta fi daidai. Ba ta tambaye ni komai ba. Ni kuwa ina kira ba ya shiga, ina kuka a banɗaki don kada ta gani. Daga baya saƙo ya shigo a rubuce: "Ina lafiya. Hukuma ta ɗage rahoto saboda bala'in, ba sai kin shigar da komai ba." Na karanta mata da gudu.

"Rubutu kowa na yi," ta ce.

Wallahi ni daɗi na ji da aka ɗage. Na ce Allah ya yi wa hukumar nan albarka, mutum gidansa ya rushe ina shi ina cike takarda, ni ma na samu Juma'ata. Juma'a ta zo, la'asar ta yi, sai ga Inna da faifanta. Ta zauna, ta ba tebur baya. Waya shiru. Ta tsince waken nan tas, ta sake daga farko, har aka kira magariba. Wata Juma'ar ma haka. In na kira Yaya ba ya ɗauka, sai ya rubuto, "Ina aiki." Wake ya taru a gidanmu har na fara kai wa maƙwabta, Inna kuma ta fara tsakurar abinci kamar kaza mai ciwo.

Ba ta ce ga abin da ke damunta ba. Gwamnati ta sa a gaba.

"Wagga gomnati ce?" ta ce, ina shigowa daga aiki ko takalmi ban cire ba. "An saki mutane cikin ruwa kowa shi yi abin da shi ke so. Kifi ba shi da mai shi? Zamanin babanku, masunci shi fito ruwa bai gaya wa Sarkin Ruwa abin da ya samu ba? Ashe nan ma sakaci."

Na gaji. Na ce, "Inna, in muryarsa kike son ji, ki faɗa mana a huta."

Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmin.

"Muryar wa? Ni kifi nike tausai."

Washegari ta ce in kai ta biro. Haka take ce wa kowane ofis, tun daga na gwamna har na mai gyaran haƙori. Na ce wane biro? Ta ce na kifi. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Na duba, ashe hukumar ta sa ranar da take sauraron jama'a a kan abin da guguwar ta yi, kowa na iya zuwa. Na yi niyyar in ɓoye mata, sai na kalli wuyanta yadda ya zube, na fasa.

Ta ci ado kamar mai zuwa suna, leshinta na Sallah da mayafi mai nauyi. Muka hau jirgin ƙasa daga Woodbridge tare da ma'aikata masu barci a zaune, muka canja zuwa Metro, jirgin cikin gari. A ƙofar ofis mai gadi ya ce a buɗe jaka. Ya ga goro da carbi, ya mayar mata.

Ɗakin taron cike yake da wakilan masunta da dillalan kifi, kowa ya tashi sai godiya. Mai jagorar zaman wani dattijo ne mai furfura, Mista Raymond, fuskarsa duk gajiya. Ya ce sun ɗage rahoto ne don mutane su ji da gidajensu da jiragensu, kada takarda ta ƙara musu nauyi. Gaskiya ya faɗa. Na juya in fassara wa Inna, na ga hannunta a sama.

Ta miƙe ta yi sallama, ta gaishe su da aiki, ta yi musu jaje. Sannan ta kwance musu zani a kasuwa. Ta ce hukumar da ba ta tambaya, ba hukuma ba ce. Ta ce an bar mutane sun yi shiru, shiru kuwa ba alheri ba ne. Ta ce a mayar da rahoto yau ɗin nan, kuma a riƙa karɓarsa da baki, ba da rubutu ba.

Ido ya dawo kaina. Na ce da Turanci, "Mahaifiyata tana godiya ƙwarai."

"Duk abin da na faɗi shi ne wannan ɗan guntun?" in ji Inna.

Sai wata murya daga teburin gefe ta ce, da Hausa tsaf, "A'a Mama, ta rage."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani ma'aikacinsu ne mai ɗaukar bayanin zaman, na ga sunansa a ƙirji, Dachung. Mutumin Jos, ka ji tsautsayi, duk faɗin Washington sai a ɗakin nan. Ya tashi ya fassara maganar Inna kaf, bai zubar da ko ɗigo ba. Wani ƙaton dillali ya juyo yana kallonmu kamar mun zo raba shi da abincinsa.

Mista Raymond ya gyara tabarau. Ya ce tunda yake aiki bai taɓa ganin wanda ya zo neman a ƙara masa takarda ba. Ya tambaya cikin ladabi ko tana da jirgi.

"Allah shi kiyaye," in ji Inna.

To ko tana da wani nata a ruwa?

Dachung ya fassara. Inna ta ɗaga kai tana duban fitilun rufi ɗaya bayan ɗaya, kamar ita aka ba kwangilar gyaransu. Can ta ce, "Akwai wani."

Dachung ya ce, "Sunansa fa, Mama? Sai mu duba ko an ji ɗuriyarsa."

Ta gyara mayafi. Ta buɗe jaka ta rufe. Dachung ya dube ta, ya dube ni, ya matso ya rage murya.

"Ɗan fari ne?"

Na ɗaga kai.

"Ai na sani," ya ce. "Maƙwabciyarmu a Jos har ta rasu 'yaron nan' take ce wa nata, shi kuwa da jikoki." Ya russuna gaban Inna. "Mama, ba hana rahoto aka yi ba. Dole ce kawai aka cire. Wanda ya ga dama ya kawo, za a karɓa."

"Wanda bai ga dama ba fa?" in ji Inna.

"Wannan kuma ya fi ƙarfin gwamnati. Sai mai iko da shi."

Mista Raymond ya ce an rubuta ƙorafinta, za a duba. Inna ta ba Dachung goro, ta ce ya raba da dattijon, da alama ba ya samun barci.

A jirgin dawowa muka zo haye kogi. Tana kallon ruwa ta taga ta ce, "A gaya wa wancan, rahoton gidan ga ba a ɗage shi ba." Na rubuta masa haka, na ƙara da nawa: "Inna ta je ofishin kifi da ƙafarta, ta tsaya gaban Turawa. In ba ka kira ba ni ba ruwana."

Muna isa gida ko leshin ba ta cire ba ta ɗauko faifai. Ranar ba Juma'a ba ce. Ta zauna ta ba tebur baya, ni kuma na buɗe kwamfuta don dai a ce an buɗe. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Safara'u," in ji Yaya. Muryar ta rame, ban san murya na ramewa ba sai ranar. "Ki rubuta ban fita ba."

Na buga wasu baƙaƙe da ba su da ma'ana.

"A tambayi wancan mi ya hana," in ji Inna, da bango take magana.

Ban tambaya ba, ya ji. Ya ce jirgin babu. Guguwa ta ɗauke shi ta maka da gadar tashar, abin da ya rage bai fi a hura wuta da shi ba. Ɗakin da yake haya ma rufinsa ya tafi, a zauren wata makaranta yake kwana tare da mutane, da rana yana taya su kwashe ɓaraguzai.

"Da can ina da abin faɗa in na kira," ya ce. "Yanzu in kira in ce me? Ni na bar tasi da kaina, ba wanda ya kore ni."

Hannun Inna ya tsaya cikin wake.

Ya ja numfashi, ya yi ƙoƙarin rufewa yadda ya saba. "Mutanen gida la..." Bai kai ƙarshe ba, muryar ta karye. Babban mutum mai gemu, yana kuka a tebur ɗinmu tsakanin kwamfuta da kwalbar yaji. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cewa lafiya lau.

Inna ta ajiye faifan. Ta miƙe, ta juya kujerar da kanta, ta zauna tana fuskantar wayar.

"Ina ake dannawa kunne guda shi ji?" ta tambaye ni.

Na danna mata. Ta ɗauki wayar da hannu biyu kamar ƙwaryar da aka cika da nono, ta kai kunne. Bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Ta sake.

"Mahamane," ta ce.

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan daga bakinta ba. A hankali ya fito, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Mahamane, ni ce. Katako ne ya tafi. Ka ci abinci?"

Hawaye suka ɓalle mini, har da majina, ba kyan gani. Inna ta harare ni ta gefen wayar, ta nuna mini faifan da leɓe, ta nuna ƙofa.

Na ɗauka na fita kicin, na ja musu ƙofar. Na zauna a ƙasa da faifan a cinya ina tsince waken. Babu tsakuwa ko ɗaya.