Yumɓun Mai Agogo

Tun da aka tsare Auta, Kafinta bai ƙara ɗaga zarto ba. Auta shi ne ƙaramin ɗansa, direban tasi, kuma a shingen bincike na bakin gada aka sauke shi, saboda wani ɗan dunƙulen yumɓu da aka gani a gaban motarsa, irin wanda 'yan Shi'a ke ɗora goshi a kai idan sun yi sujada. Daga aljihun fasinja ya faɗi a kujerar baya. Auta ya ga sunan Allah a jiki, a gidansu kuwa ko guntun takarda ce mai sunan Allah ba a barinta a ƙasa. Sai ya goge shi da hannun riga ya ajiye a sama. Kafinta ne da kansa ya koya masa haka.

Da Kafinta ya je ofishin tsaro, aka tura shi wani ɗaki can ƙarshen baranda, mai tebur ɗaya da fanka mai kuka. Jami'in da ke ciki ya saurare shi har ya gama, sannan ya nuna taga.

"Baba, ka ga ɓangaren can mai sabon fenti da motoci? Na masu farautar ƙungiyoyin da ke kiran kansu 'yan Sunna ne, masu tayar da bam a kasuwa da tasha. Su a warwatse suke, ka kama wannan, wani ya tsiro. Masu makamai na ɓangaren Shi'a kuwa suna da shugaba, suna da jam'iyya, har da ƙasar da ke tsaye musu, ba sa motsi sai da umarni. Bana manya sun ce na farkon ne abin tsoro, aka kwashe mutane da motoci aka kai can. Nan ɓangaren Shi'a ni kaɗai aka bari da fankar nan."

"To ɗana fa, ranka ya daɗe? Yaron da ko tsallaken gada bai da aboki?"

"Layi ne, Baba, kuma dogo. Ƙarshen wata za a kwashe su zuwa babban kurkuku, can ni ma ba ni da ta cewa. Sai dai in mai abin ya zo da ƙafarsa ya ce nasa ne."

Kafinta ya fito. Wane mai hankali zai kawo kansa ɗakin nan? Da aka bar shi ya ga Auta, abin da yaron ya iya tunawa kawai, tsoho ne mai ɗingishi, ya sauka a layin masu gyaran agogo a tsallaken gada. Unguwar 'yan Shi'a ce, wadda Kafinta ya sha faɗa a majalisa cewa mutanenta duk bakinsu ɗaya da masu bindiga.

Da hantsi ya tsallaka. Ya sami tsohon a wani ɗan shago, gilashi maƙale a ido ɗaya, 'yarsa na jera batura a bayan kanta. Kafinta ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi, idonsa a ƙasa.

"Ashe can ya faɗi!" in ji Mai Agogo. "Na zazzage gidan nan har na zargi jikokina. Ka ce a sama ya ajiye shi?"

"A sama."

"Baba, kada ka soma," in ji 'yar. "Kana shiga ofishin nan sunanka ya zauna ke nan. Su da ke tofar da yawu in mun wuce, yau ne suka san hanyar shagonmu?"

Kafinta ya san da shi ake. Tsohon ya cire gilashin, ya sa a kwalinsa a hankali.

"Uwata, ɗan mutane ya girmama kayana, an rufe shi. Ni kuma in zauna ina sauraron agogo? Miƙo min sandata."

Jami'in ya tambaye shi kamannin yumɓun tun kafin ya ciro shi daga aljihun tebur. Mai Agogo ya ce akwai ɓalli a gefen hagu, inda jikarsa ta gwada sababbin haƙoranta. Aka duba, ga sawun haƙori nan. Jami'in ya yi murmushi, amma bai sallame shi ba. Har la'asar yana ciki ana tambayarsa masallacinsa, da 'yan'uwansa, da wanda yake yi wa gyara. Kafinta na kan benci a baranda, bakinsa bai daina yi wa mutumin addu'a ba.

Washegari aka saki Auta, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Mai Agogo kuwa aka ce ya riƙa zuwa duk farkon wata yana nuna kansa, har sai yadda hali ya yi. 'Yarsa ta yi gaskiya.

Kafinta ya rasa kalmar da za ta ɗauki godiyarsa, sai ya koma kan zarto. Ya yi ɗan akwati daidai aljihu, da murfi mai zamewa, ya shimfiɗa ƙyalle a ciki. Ranar farkon wata ya shiga gaban tasin Auta, suka tsaya a ƙofar shagon.

"Ga wannan, ɗan'uwa, don kada ya sake faɗuwa a motar ɗan wani."

Mai Agogo ya juya akwatin, ya ja murfin ya mayar, ya yi dariya har da tari.

"Kai ma ofishin za ka?"

"Na saba da bencinsu. Shiga mu je."

'Yar ta leƙo daga bayan kanta, ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Kawu, in kun dawo ku tsaya ku ci abinci."