Silon Motar Orval

Yayana Dewey ne ya kashe injin, kuma kowa a layinmu na bayan garin Youngstown a Amurka ya san haka, don Baba bai bar kowa cikin duhu ba. Dewey yana saurayi ya saci makullin motar Baba, jar Chevelle ƙirar 1970 mai silinda takwas, ya je ya yi tsere da ita ba tare da ya duba baƙin mai ba. Inji ya buga, fistan guda ya tarwatse. Aka jawo ta gida, aka tura ta gareji, aka lulluɓe da tamfol. Daga ranar Baba bai ƙara kiransa da sunansa ba sai "Injiniya", kuma ba yabo ba ne.

Shekaru suka shuɗe. Dewey ya yi furfura yana tuƙa tirela, ni kuma na dawo gida ina jinyar Baba, don kamfanin ƙarfen da ya yi wa aiki ya cinye masa huhu kafin a rufe shi. Babanmu Orval Pruitt, mutumin da a da ke ɗaga giyabos shi kaɗai, ya koma keken guragu da robar iska a hanci. Bakin nan nasa dai bai mutu ba.

Da likita ya ce da wuya ya ga Kirsimeti, na tambaye shi ko akwai abin da yake so. Na zaci zai ce a kira fasto.

Ya ce, "Lorna, so nake in ji ta tana silo."

Na san abin da yake nufi, a gidan na tashi. Shi gudu bai taɓa damunsa ba. Abin da ke shiga ransa shi ne idan aka ɗaga ƙafa daga totur, injin ya sauka yana bugawa a hankali, dum, dudum, dum, kamar zai mutu bai mutu ba, har gilasan taga na rawa. Da mahaifiyarmu tana raye, da wannan ƙarar take sanin ya dawo ta ɗora kofi.

Na kira Dewey. Ban roƙe shi ba, cewa na yi, "Kai ka ɓata, kai za ka gyara." Washegari sai ga shi da akwatin sifanu.

Makonni ya yi a garejin nan. Ya ciro injin, ya warware shi ɗaiɗai, ya kai wurin masu gogewa, ya sayo sababbin fistan da ringi da kamshaf, sandar ƙarfen nan mai tudu-tudu da ke buɗe bawul. Baba kuwa kullum sai na tura shi bakin ƙofa da bargo a cinya, ya zauna yana sa ido. Kuma bai bar halinsa na da ba, wato ya faɗa maka abin da ba daidai ba don ya ga ko za ka bi.

"Injiniya, fara ɗaure ƙusoshin kan injin daga gefe."

Dewey ya kai sifana gefe.

"Kai, tir! Daga tsakiya ake farawa, sakarai. An ce ka faɗa rijiya sai ka faɗa?"

Na ce, "Haba Baba, mutum ya haura hamsin kana yi masa haka?"

"Injin bai san shekarunsa ba."

Wata rana ya nuna masa galan ɗin baƙin man da ake zuba wa motocin zamani ya ce ya zuba, ba komai. Dewey ya ce a'a, tsohon inji nasa man daban ne. Baba ya yi shiru yana kallon titi. A gidanmu wannan shirun shi ne lambar yabo, kuma na ga Dewey yana ɓoye murmushi a ƙarƙashin bonet, abin ya ba ni tausayi ya kuma ba ni haushi.

Akwai doka guda da Baba ya yi ta nanatawa har ni na haddace. Sabon kamshaf a irin wannan tsohon inji, ranar da aka fara tayar da shi dole a riƙe totur sama minti ashirin cif, don mai ya fantsama ya jiƙa ƙarfen. Idan aka bar shi ya sauka silo kafin lokacin, tudun nan sai su cinye kansu, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina, aikin makonni ya tashi a banza.

Ranar Asabar da safe muka turo ta waje. Sanyi ake yi mai shiga ƙashi, kuma Baba ya kwana yana tari, amma ya ce ko a makara ne a fito da shi. Dewey ya sa ni na murɗa makulli, shi yana tsaye kan kafireta da hannunsa a totur. Ta yi tari sau biyu, ta kama. Ƙarar ta cika layin, karnukan maƙwabta suka rikice, sabon fentin salansa ya fara ƙonewa yana tayar da farin hayaƙi.

Ban fi ƴan mintuna da fitowa daga motar ba na ga Baba yana ɗaga hannu yana sauke shi ƙasa. Na sunkuya na kai kunnena bakinsa.

"Ce masa ya sauke ta."

"Baba, lokaci bai yi ba."

"Na sani. Ba zan kai ba. Ya sauke ta."

Leɓunansa sun fara canza launi. Na ruga na ja rigar Dewey ina ihu, "Ya ce ka sauke ta!"

Ya dubi agogon hannunsa, ya dubi Baba, ya girgiza kai yana dariya. "Gwada ni yake yi!"

"Ba gwaji ba ne, dubi bakinsa!"

"Lorna, na san tsohon nan. In na sauke, har kabari zai tafi yana cewa sau biyu na kashe masa inji."

Na kai hannu zan cire nasa daga totur ɗin, ya ture ni da kafaɗa. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa kowa ba, ƙarar ta haɗiye. Baba yana can yana ta sauke hannu, yana ta sauke hannu, har tari ya sarƙe shi ya lanƙwashe a kan bargon. Na tura shi cikin gida da gudu, na rufe tagogi saboda hayaƙi, na kira motar asibiti. Ba su daɗe ba. Lokacin da suke shigar da shi injin yana nan yana ruri, Dewey yana tsaye ido jajur, ya ga komai, amma ya kasa sakin totur ɗin. Muna kan hanya ina jiyo ta har muka sha kwana.

Da yamma ya zo asibiti, baƙin mai har gwiwar hannu. Likita ya riga ya gaya mini Baba ba zai sake komawa gida ba. Ban yi wa Dewey magana ba, don da na buɗe baki da an kira masu gadi.

Ya matsa gefen gadon ya ciro wayarsa. "Baba, ta yi. Na cika lokacin, na sauke ta, ba ko ƙaras. Na ɗauko maka, saurara."

Ya kara masa wayar a kunne. Wata ƴar ƙara ta fito, siririya, kamar ana kaɗa gwangwani. Baba ya rufe ido ya saurara har ta ƙare.

Ya janye abin iskar daga bakinsa ya ce, "Ba da kunne ake jin ta ba. A ƙirji ake ji."

Dewey ya tsaya riƙe da wayar. Can ya ce, "Na zaci gwada ni kake yi."

"Na sani."

"Da na sauke da ta lalace, Baba."

Baba ya daɗe yana neman numfashi. Sannan ya ce, "Ka yi daidai, Dewey." Ya mayar da abin iskar, ya juya fuskarsa bango.

Dewey ya fita baranda ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum, ya sa kai tsakanin gwiwoyi yana kuka kamar ana yanka shi. Na fito na tsaya a kansa da duk maganganun da na tanada tun safe, na rasa wadda zan faɗa. Baba ya rasu ranar Talata.